Labarin Tsoka Da Yadda Ta Ke Aiki

Kai mai karatu, miƙe hannunka na dama, ka dafa damtsen da hannun hagu. To, dunƙule hannun, ka lanƙwaso shi kamar za ka taɓa kafaɗa. Ka ji wani abu ya taru ya yi tauri ƙarƙashin tafinka? Miƙe hannun kuma. Ya saki, ya yi laushi. Wannan abu shi ne tsoka, ita ce kuwa za mu bincika cikin wannan darasi.

Ba baƙuwa ba ce gare ka. Duk ran da ka tsaya gaban mahauci a kasuwar Bakori ko ta Funtuwa, ka ce ya yanka maka tsoka zalla, ban da ƙashi ban da kitse, ita ka saya. Jan naman sa shi ne abin da ya ke tafiya da shi sa'ad da ya ke da rai. Jikinka ma haka ya ke. In an kasa nauyin namiji baligi kashi 10, wajen kashi 4 tsoka ce. Watau mai nauyin kilo 60 yana ɗauke da tsoka wajen kilo 24. Ba kuwa curi guda ba ce. Tsokokin jikin mutum sun fi 600, manya da ƙanana, mafi yawansu an ɗaura su bisa ƙasusuwan nan 206.

In manomi yana lissafin dukiyarsa, ya kan ƙidaya gona, da shanu, da rumbu, ya manta da wannan. Ka duba ƙasarmu, daga Funtuwa zuwa Malumfashi, har Ƙafur da Danja da Dandume. Turawa sun kafa injin gurzar auduga, hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Funtuwa ta kai Ƙauran Namoda a 1929, aka kawo garmar shanu, daga baya tarakta ta zo. Duk da haka mafi yawan shuka, da noma, da cirar auduga, da karyar masara, da ɗaukar buhu, da hannu a ke yinsu. Garmar shanu ma tsoka ke janta, sai dai ta sa ce. Abin da ke ci da gida haka ya isa a san ƙirarsa.

Tsoka iri uku ce. Akwai ta zuciya, mai bugawa wajen sau 100,000 kowace rana ba da izninka ba. Akwai ta tumbi da hanji da jijiyoyin jini, mai matsa abinci da jini a hankali, ita ma ba ta jiran umurninka. Ta uku ita ce wadda ke manne da ƙashi, wadda in ka ce ta motsa ta motsa. A kan wannan kaɗai za mu tsaya.

Ja Kaɗai Ta Iya

Abu na fari da za ka riƙe shi ne wannan: tsoka ba ta iya tura kome. Aikinta guda ne, ta taƙure ta ja, sa'an nan ta saki. Kamar igiya ta ke. Da igiya ka ke jawo akuya, amma ba ka taɓa tura akuya da igiya ba.

Watakila ka ce, to, yaya na ke tura amalanke? Ga yadda abin ya ke. An yi tsokoki abokan juna, ɗaya a gaban gaɓa, ɗaya a bayanta. Ta gaban damtse in ta ja, hannu ya lanƙwashe. Ta bayan damtse in ta ja, hannu ya miƙe. Dafa bayan damtsenka ka tura bango, za ka ji ita ce ta yi tauri. Ashe turin ma ja ne, sai dai daga baya a ke yinsa. Sa'ad da ɗaya ke ja, abokiyarta ta kan sassauta sannu sannu, kamar mutum biyu masu saukar da buhu daga mota. Da ba don haka ba, da kowane motsinka fizga ne, ba za ka iya kai loma baki ba sai ka mari kanka.

Yanzu sai mu gyara wata magana. Mu Hausawa abu uku mu ke kira jijiya. Akwai jijiyar jini, wadda ke da rami kamar kara. Akwai jijiyar laka, farin zare mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa. Akwai kuma farar igiyan nan mai tauri wadda ke haɗa tsoka da ƙashi. Don kada su rikice maka, ta ukun za mu kira ta agara ko'ina ta ke a jiki, ko da ya ke an fi sanin sunan ga wadda ke bayan diddige. Ta diddigen ita ce babbarsu. Ka ga mahauci ya huda bayan ƙafar rago ya rataye shi? Ga agara ya rataye shi, ta kuwa ɗauki nauyin ragon duka ba ta tsinke ba.

Agara ita ke kai jan tsoka nesa. Kifa hannunka ka motsa yatsu, ka duba bayan hannun. Ka ga waɗansu igiyoyi suna rawa ƙarƙashin fata? Tsokokin da ke jansu suna can sama tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu. Shi ya sa yatsa ya ke siriri, ya shiga cikin ƙwaryar auduga ya ciro ta, ga shi kuwa da ƙarfin riƙe ƙotar gatari. Shi ya sa kuma in lauje ya yanki mutum a wuyan hannu, yatsa ya ƙi motsi, ba a tsaya ɗaure ciwon da tsumma a gida ba. Agara ce ta yanke, likita kuwa yana iya ɗinke ta in an kai da wuri.

Ga wani abin mamaki. Agarar tsokar damtse ta kama ƙashi kusa ƙwarai da gwiwar hannu, misalin santimita 5. Tafin hannu kuwa yana wajen santimita 35 daga gwiwar. Saboda haka in ka tallabi dutse mai kilo 5 a tafinka, tsokar tana jan kamar kilo 35. Sai ka ce hasara ce. Amma akwai riba, gama in tsokar ta taƙure santimita 1, tafin ya yi tafiyar santimita 7. An sayar da ƙarfi ne aka sayi sauri. Da wannan sauri ka ke sara da gatari, da shi ɗan dambe ke kai naushi.

Abin Da Ke Cikinta

Ka taɓa lura da dambun nama? In an dafa tsoka ta nuna, aka daka, ba ta zama gari kamar dawa ba, sai ta warware sili sili. Mai yin kilishi ma ya san nama yana da hanya, in ya bi ta wuƙa ta tafi sumul, in ya gitta ta sai ya ji daban. Dalili, tsoka zare ce aka jera, duka sun fuskanci waje guda.

Ɗauki igiyar rama ka warware. Za ka ga tufka ce ta 'yan igiyoyi, kowace kuwa in ka warware ta sai ka sami zaruruwa. Haka tsoka ta ke, sai dai ba a murɗa ta ba. Dukanta tana cikin wani farin tantani, wanda mahauci ke ɗayewa. Ciki an kasa ta dami dami, kowane dami da nasa tantani. Silin da ka ke gani a dambu, ɗan dami ne. Cikin damin ne ainihin zaren tsoka ya ke, kaurinsa kamar gashin kai ko bai kai ba, shi ma da tasa riga. Waɗannan tantani duka su ne suka zarce ƙarshen tsokar, suka haɗu suka zama agara. Ashe agara ba ɗinka ta aka yi ga tsoka ba, jiki ɗaya ne. Ta cikin tantanin kuma jijiyoyin jini da na laka ke bi, har kowane zare ya sami nasa.

Iyakar abin da ido ke gani ke nan, daga nan sai da madubin likita. Wani mutumin Holan, sunansa Antoni van Leeuwenhoek, wanda ya rasu a 1723, yana cikin na farko da suka duba. Sana'arsa sayar da yadi ce, ya kuwa gwanance da wasa gilashi mai ƙara girman abu. Da ya sa silin nama ƙarƙashin gilashinsa, sai ya ga zaren yana da zane a gicciye, fari da duhu, fari da duhu, kamar saƙi. Ya gani, amma ma'anar zanen ba ta bayyana ba sai bayan shekara fiye da 200.

A 1954 aka warware ta. Masana huɗu, biyu biyu, kowane ɓangare yana aikinsa daban, suka fito da magana ɗaya a lokaci ɗaya. Andrew Huxley da Rolf Niedergerke ke nan, da kuma Hugh Huxley da wata mace, Jean Hanson. Huxley ɗin nan biyu duk Ingilishi ne, amma ba dangi ba ne, suna ne ya zo ɗaya.

Ga abin da suka gano. Cikin kowane zare akwai waɗansu ƙananan zaruruwa ɗaruruwa, kowane an yanka shi ɗaki ɗaki, kamar gaɓoɓin rake. Ɗakunan ƙanana ne ƙwarai, za a jera fiye da 1,000 a tsawon ƙwayar gero ɗaya. Cikin kowane ɗaki akwai tsinke iri biyu. Sirara suna kafe ga bangon ɗakin dama da hagu, sun miƙo tsakiya, sunansu aktin. Masu kauri suna kwance a tsakiya, sunansu mayosin. Inda masu kaurin su ke shi ne duhun zanen, inda sirara kaɗai su ke shi ne farin.

Buɗe yatsun hannuwanka biyu, ka sa kan yatsun dama tsakanin na hagu. To, tura su su shige juna. Ka ga tafin hannuwan sun matso kusa, amma ba yatsan da ya gajarce? Haka ɗakin ke yi. Tsinkayen ba su taƙurewa, shigewa juna su ke yi, bango ya matso kusa da bango.

Me ke jan su? Kowane tsinke mai kauri yana da 'yan hannuwa da yawa a jikinsa. Ka tuna da mutane suna jan babban guga a rijiya mai zurfi. Kowa ya kama igiya, ya ja, ya saki, ya miƙa hannu gaba, ya sake kamawa. Ba su saki gaba ɗaya, in wannan ya saki wancan yana riƙe, in ba haka ba guga ya koma. Haka 'yan hannuwan nan ke yi wa tsinken aktin, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Abin da ɗaki guda ya matsa bai isa a gani ba. Amma ɗakuna dubbai ne a jere, in kowane ya matsa kaɗan, sai tsokar duka ta rage wajen sulusin tsawonta, ta kumbura a tsakiya. Kumburin da ka ji a damtsenka ɗazu ke nan. Duk buhun masara mai kilo 100 da ɗan dako ya ɗaga a kasuwar Dandume, 'yan hannuwan nan ne suka ɗaga shi, waɗanda ko madubin likita na kullum ba ya nuna su.

Mai Ba Da Umurni

Masu jan guga ba su fara ja sai an ce su ja. Umurnin daga ƙwaƙwalwa ya ke fitowa, ya bi laka cikin ƙashin baya, ya fita ta jijiyar laka zuwa tsoka. Saƙon kuwa ɗan lantarki ne, dangin wanda minjirya ke bugun masunci da shi, sai dai ƙanƙane ne ainun. Wani likitan Italiya, Luigi Galvani, shi ya buga labarin wannan a 1791, bayan ya ga ƙafar mataccen kwaɗo tana harbi in lantarki ya taɓa jijiyarta. Saurin saƙon ya kan kai mita 100 cikin daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa in ka taka ƙaya, ka ɗauke ƙafa kafin ka ce wayyo.

Jijiyar ba ta shiga cikin zaren tsoka ba. A bakinsa ta tsaya, ta tofa wani ɗan ruwa. Ruwan nan shi ke ta da zaren, sai zaren ya saki wani sinadari da ya ɓoye, sunansa kalsiyam, irin wanda ke cikin ƙashi da ɓawon ƙwai. Shi ne mabuɗi, in ya fito sai 'yan hannuwa su sami wurin kamawa. In saƙo ya ƙare, a share ruwan nan da nan, a mai da kalsiyam ma'ajinsa, tsoka ta saki.

Kowace jijiya ɗaya tana da nata zaruruwa da ta ke shugabanta, kamar mai unguwa da mutanensa. A tsokar da ke juya ido, jijiya ɗaya ba ta riƙe fiye da zare 10 ko makamancin haka, don aikin na hankali ne. A sha-raɓa kuwa ta kan riƙe fiye da 1,000. In za ka ɗauki allura, ƙwaƙwalwa ta kira unguwa kaɗan. In za ka ɗauki turmi, ta yi gayya. Da haka hannu ɗaya ke rarrashin jariri, ya kuma ka da sa.

Ka ga ke nan tsoka, kome girmanta, baiwar jijiya ce. Akwai cuta uku da ke nuna haka sarai, dukansu kuwa sanannu ne a ƙasarmu.

Shan inna ba tsoka ta ke ci ba. Ƙwayar cuta ce mai shiga ta baki tare da ƙazantaccen ruwa ko abinci, ta kashe tushen jijiya a cikin laka. Tsokar lafiyarta lau, amma ba mai kiranta, sai ta yi ta shanyewa har ƙafa ta zama sanda. Jijiyar da ta mutu ba ta dawowa, don haka maganin kafin ne, ba baya ba. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ainihin ƙwayar ta ƙare a Afirka, bayan an ga ta ƙarshe a Borno a 2016. Amma akwai wani reshenta da ya kan ɓulla inda yara da yawa ba su sami riga-kafi ba, shi ya sa ba a daina ɗigawa ba.

Ta biyu ita ce sarƙe-haƙora, wadda likitoci ke kira tetanas. Ita kishiyar ta fari ce. Ƙwayarta tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, watau inda manomi ke wuni. Fartanya ta sare ka, ko ƙusa ta soke ka, ta shiga. Bayan kwana 3 zuwa mako 3 dafinta ya kai ga laka, ya hana umurnin saki. Sai tsoka da abokiyarta su ja gaba ɗaya, muƙamuƙi ya kulle, wuya ya sandare, baya ya banƙare. Tana kisa ƙwarai. Wanke rauni da sabulu da ruwa mai tsabta, ka tafi a yi maka allura ran nan, kada ka cusa ƙasa ko toka a ciki. Ta hanyar cibiya kuma ta kan kama jariri, in an yanke ta da ƙazamar reza, don haka a ke yi wa masu ciki allurarta.

Ta uku mu ke sayowa da kuɗinmu. Waɗansu magungunan feshin ƙwari, irin su fiya-fiya da danginta, aikinsu shi ne su hana share ruwan nan da jijiya ke tofawa. Da haka su ke kashe ƙwaro, da haka kuma su ke kashe mutum. Tsoka ta yi ta karkarwa ba hutawa, har ta gaji ta daina amsawa. Numfashi kuwa da tsoka a ke yinsa, da wata shimfiɗaɗɗiya wadda ta raba ƙirji da ciki, da waɗanda ke tsakanin haƙarƙari. In sun tsaya, magana ta ƙare. Maganin yana ratsa fata, ba sai an sha ba. In ka ga mai feshin auduga ko wake yana dalalar da miyau, gumi na karyo masa, baƙin idonsa ya tsuke, namansa na rawa, a tuɓe masa rigar, a wanke shi da sabulu, a kai shi asibiti da gaggawa tare da kwalbar maganin. Kada a tsaya ɗura masa manja ko nono, kada kuma a sa shi amai.

Abincinta

An ce sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Kowane kamu da 'yan hannuwan nan suka yi, sai an biya su da wani sinadari wanda masana ke taƙaita sunansa da haruffa uku, ATP. Abin da tsoka ke ajiye da shi bai wuce na 'yan daƙiƙoƙi ba, saboda haka kullum ƙera sabo ta ke yi. Da me? Da sukari da mai waɗanda jini ya kawo daga tuwon da ka ci, da kuma iskar da huhu ya shaƙa. Shi ya sa in ka kama huɗa, numfashi ya ƙaru, zuciya ta ƙara bugu. Kaya su ke kai wa ma'aikata.

Abin lura, ba ja kaɗai ke cin wannan lada ba, saki ma sai da shi. In rai ya fita, ƙira ta tsaya, sai 'yan hannuwan su maƙale a inda suka kama. Shi ne sandarewar gawa, wadda ta kan fara bayan awa 2 zuwa 6. Don haka a ke rufe wa mamaci ido, a ɗaure haɓarsa, a miƙe gaɓoɓinsa tun jikin yana da laushi.

Cikin ƙarfin abincin da tsoka ta ƙona, wajen rubu'i kaɗai ke zama aiki, saura zafi ne. Gumin da ka ke yi a gona, jiki ne ke zubar da wannan zafi. Da hunturu kuwa abin ya zama alheri, makyarkyatar da ka ke yi da asuba tsoka ce ke hura maka wuta.

Ka lura da naman kaza, ƙirji fari, cinya ja? Kaza wuni ta ke tana yawo da ƙafa, tashi kuwa sai in an kore ta, ta yi fir ta sauka. Tantabara fa, ƙirjinta ja wur, don ita tafiya mai nisa ta ke yi a sama. Jan zare ba shi da gaggawa, amma yana da jijiyoyin jini da yawa da wani jan abu mai ajiye iska, ba ya gajiya da wuri. Farin zare mai sauri ne da ƙarfi, amma nan da nan ya ƙare. A jikin mutum an gauraya su cikin kowace tsoka, wani ya fi yawan wannan, wani ya fi yawan wancan, gado da sabo duka suna da hannu. Don haka kada ka yi mamaki in ƙato mai ka da mutane a fagen kokawa ya sare kafin azahar ran gayya, wani siriri kuwa ya kai la'asar yana kan kunyarsa.

Tuwo mai ne, amma ba da shi kaɗai a ke gina tsoka ba. Ginin yana son wake, da gyaɗa, da ƙuli-ƙuli, da waken suya ko awararsa, da nono, da ƙwai, da kifi, da nama in ya samu. Ba lalle sai nama ba. Hatsi da wake in sun haɗu suna cika wa juna abin da kowane ya rasa.

Wahalar manomi ita ce aiki mafi nauyi ya kan faɗo daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, daga shuka zuwa maimai. A ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya, inda likitoci suka fara auna mutane tun wajen 1950, an ga manya su kan rame kowace damina, su mayar da kaka. In abinci ya kasa, jiki ya kan ci kitsensa, in abin ya daɗe ya juya kan tsoka. A ganina mai sayar da wakensa duka da kaka, ya bar gida da masara tsura, ya sayar da wani abu na ƙarfin da zai yi noman baɗi da shi.

Nan ne kuma ƙwaya ke yaudarar samari 'yan ƙodago. Taramol ba abinci ba ne, ba ya ƙara wa tsoka ko ƙwayar ƙarfi ɗaya. Maganin ciwo ne, abin da ya ke yi shi ne ya toshe kunnen ƙwaƙwalwa kada ta ji kukan gajiya. Tsokar tana nan tana ƙonewa, mai ita bai sani ba. Ya kan jawo farfaɗiya in an yawaita, ya kuma kama mutum har ya kasa fita gona sai da shi.

Aiki Ke Riƙe Ta

Fartanya in an yi ta aiki da ita cinyewa ta ke yi. Tsoka kuwa ƙaruwa ta ke yi. Ba yawan zaren ne ke ƙaruwa ba, kowane zare ne ke ƙara tsinkaye a cikinsa ya yi kauri. Dubi hannun maƙeri na riƙon masaba, ka gwada da ɗayan.

Ciwon jikin da ka ke ji kwana ɗaya ko biyu bayan noman fari, 'yan ƙananan yagewa ne cikin zaren da ya yi rani yana hutu. A jikin kowane zare akwai waɗansu 'yan ƙwayoyi da ke kwance suna jira, waɗanda Alexander Mauro ya gano a 1961. In zare ya yage su ke tashi su yi gyara, gyaran kuwa ya kan fi na da ƙarfi. Amma sai da abinci da barci. Wanda ya fara da rabin wuni kwana biyu ko uku, ya fi wanda ya zuba ƙarfinsa duka ran farko ya kwanta mako.

In an bar ta kuma, tafiya ta ke yi, da sauri ma. Wanda ya karye, maɗori ya ɗaure masa ƙafa, ran da aka kwance karan sai a ga ta fi 'yar'uwarta sirancewa. Ba ɗorin ne ya ɓaci ba, zama ne. Da zarar ƙashi ya kama sosai, sai a fara motsa ta kaɗan kaɗan har ta mayar. Haka majinyacin da ya daɗe a kwance.

Tsufa ma yana rage ta, a hankali tun daga wajen shekara 40, da sauri bayan 60. Amma zaren tsoho yana amsa aiki kamar na yaro, ko da bai kai shi ba. 'Ya'ya su kan ce, Baba, ka huta, su hana shi ko zuwa bakin gona. Niyyar kirki ce, amma in an zaunar da dattijo bisa buzu wuni, cinyarsa ta kan mutu har tashi ya gagare shi, daga nan sai faɗuwa da karaya. A ɗauke masa buhu da huɗa, a bar masa tafiya masallaci da kasuwa da 'yar cirar ciyawa. Tsoka mai aiki ita ce kuma ta fi kowane sashen jiki shanye sukarin da ke cikin jini, don haka likita ke ce wa mai ciwon sukari ya sauka daga babur ya taka.

Ga masu ɗaukar kaya, manyan tsokokin jiki suna ga ɗuwawu da cinya, na gadon baya kuwa ba su kai su ba, aikinsu riƙe ƙashin baya ne ya tsaya daidai. In ka sunkuya ƙafa a miƙe, ka fizgo buhu daga nesa, ka tuna da lissafin damtse, nisan kaya yana ninka nauyinsa a kan ƙugu. Matso kusa da buhun har ya taɓa jikinka, ka lanƙwasa gwiwa, ka tashi da ƙarfin cinya, kada ka murɗa ƙugu kaya na hannu. In buhun mai kilo 100 ne, kira wani ya kama maka.